Sardauna Ahmadu Bello: Rayuwarsa, Ƙuri'ar 1961 Da Waƙoƙin Makokinsa

Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa ta Najeriya daga 1954 zuwa 1966, bai taɓa riƙe wani muƙami a Jamhuriyar Kamaru ba. Duk da haka sunansa ba baƙo ba ne a unguwannin Hausawa da Fulani na Garuwa, Marwa da Ngaundare. Dalili biyu ne suka sa haka. Na farko, shi ya jagoranci neman ƙuri'ar da ta tabbatar da iyakar da ke tsakanin Garuwa da Mubi a yau, abin da ya sa gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta ware ranar makoki ta ƙasa. Na biyu, kisan da sojoji suka yi masa ya bar waƙoƙin juyayi da na yabo waɗanda suka ƙetare wannan iyaka ba tare da takardar izini ba, kuma har yanzu ana sauraren su.

Jinin Shehu daga Rabah

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah da ke gabas da Sakkwato, a shekarar 1910 bisa lissafin da shi kansa ya bayar. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah. Kakansa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan nasaba ita ce jarinsa na farko, kuma bai taɓa ɓoye alfaharinsa da ita ba.

Ya zo duniya shekara bakwai kacal bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Bayan karatun allo sai aka sa shi makarantar boko ta lardin Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931. A can ya haɗu da samarin da daga baya suka riƙe ragamar Arewa tare da shi, ciki har da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi. Ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato shekara uku, sannan a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, kujerar mahaifinsa.

A 1938 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu Bello na cikin masu neman gadon, amma aka ba ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Shi kuma aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gabashin ƙasar Sakkwato. Zaman bai yi daɗi ba tsakaninsa da fada. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Shari'ar da aka yi nufin ta kayar da shi sai ta ƙara masa suna a wajen matasan 'yan boko na Arewa. Daga baya aka sasanta, ya koma Sakkwato ya zama babban jami'i a hukumar En'e.

Firimiyan Arewa

Bayan yaƙin duniya na biyu Turawa suka fara buɗe ƙofar siyasa. Sardauna ya je Ingila a 1948 ya karanci tsarin ƙananan hukumomi, a 1949 ya shiga majalisar dokokin Arewa a Kaduna. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin jagororinta, kuma a 1954 ya zama Firimiya.

Tsoronsa a fili yake. Kudu ta riga Arewa shiga makarantun boko da shekaru masu yawa, don haka yana ganin in aka ba da mulkin kai da gaggawa, ma'aikatan Kudu ne za su gaji kujerun Turawa a Kaduna da Kano. Shi ya sa a 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bar abin sai lokacin da aka shirya. An yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, kuma cikin watan Mayu na shekarar rikici ya ɓarke a Kano. Arewa ta karɓi mulkin kanta ranar 15 ga Maris, 1959, daidai da ranar da Sakkwato ta faɗi shekara 56 da suka wuce. Ko da jam'iyyarsa ta fi kowace yawan kujeru a majalisar tarayya, Sardauna ya zaɓi zama a Kaduna, ya bar wa mataimakinsa a jam'iyya, Tafawa Ɓalewa, kujerar Firayim Minista a Legas.

Cikin shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni gwamnatinsa ta kafa abubuwan da har gobe ake lissafawa: masaƙar Kaduna, Bankin Arewa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe cikin Oktoban 1962, da jaridar New Nigerian wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966. Ya tura 'ya'yan sarakuna da na talakawa, Musulmi da Kirista, karatu da aikin soja. Ta fuskar addini, a zamaninsa aka kafa Jama'atu Nasril Islam, kuma ya zama mataimakin shugaban ƙungiyar Rabiɗa ta Musulmin duniya da ke Makka.

Mulkin nasa bai rasa tabo ba. 'Yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai da hannun 'yan doka. Ƙasar Tibi ta yi bore a 1960 da 1964, aka kwantar da shi da ƙarfin bindiga. Rangadin musuluntarwa da ya yi a shekarunsa na ƙarshe ya faranta wa wasu rai, ya kuma tayar da hankalin Kiristocin tsakiyar ƙasar. A fagen waƙa ma haka aka rabu: makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo na Maradun suna wasa shi, marubuta waƙoƙin NEPU kuma suna caccakar sarautar da yake karewa.

Ƙuri'ar da Yawunde ta yi wa makoki

Alaƙar gidan Sardauna da ƙasar Garuwa ta girme shi. A 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya kafa daular Fombina, wadda daga baya Yola ta zama hedikwatarta. Lamiɓe na Garuwa, Marwa, Ngaundare, Tibati da Banyo duk a ƙarƙashin wannan tuta suke, kuma ta wannan hanya fatake da malamai Hausawa suka bazu a yankin. Turawa ne suka yanka ƙasar biyu: Ingila ta ci Yola a 1901, Jamus ta ci Garuwa a shekarar, aka bar gadon sarauta a gefe ɗaya, mafi yawan ƙasarsa a ɗaya gefen. Bayan an kori Jamusawa a yaƙin duniya na farko, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila kuma ta samu wani siririn yanki da ya miƙe daga Dikwa da Bama da Gwoza, ya bi ta Mubi da Ganye har tsaunin Mambila. Wannan yanki na riƙon amana ne ake kira Arewacin Kamaru ta Ingila, kuma daga Kaduna ake gudanar da shi.

Da lokacin mulkin kai ya gabato, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tambayi mutanen. A watan Nuwamban 1959 aka kaɗa ƙuri'ar farko. Gwamnatin Sardauna ta ɗauka nasara a aljihunta take, sai sakamako ya ba ta mamaki: mutum 70,546 suka zaɓi a ɗage yanke hukunci, 42,788 kawai suka zaɓi zama cikin Arewacin Najeriya. Yawancin ƙabilun kan duwatsu sun gaji da hakiman da ake turo musu daga Yola da Dikwa, sai suka yi amfani da akwatin ƙuri'a suka nuna fushinsu.

Sardauna ya karanta saƙon. Aka yi gyara a hukumomin En'e, aka kuma yi wa yankin alkawarin lardi nasa na kansa, ba a ƙarƙashin Yola ko Maiduguri ba. A ɗaya gefen kuma Ahidjo, haifaffen Garuwa wanda ya zama shugaban Kamaru mai 'yanci a 1960, yana da nasa lissafin: shigowar wannan yanki zai ƙara wa Arewa nauyi a siyasar Kamaru. Jam'iyyar NKDP ce ta yi masa yaƙin neman ƙuri'a a cikin yankin. Ranakun 11 da 12 ga Fabrairu, 1961 aka sake zaɓe, wannan karon har da mata. Najeriya ta samu 146,296, Kamaru ta samu 97,659. A Kudancin Kamaru ta Ingila kuwa abin ya juya, mutane suka zaɓi haɗewa da Yawunde.

Ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shiga Najeriya da sunan Lardin Sardauna, hedikwatarsa Mubi. Ahidjo ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki ta ƙasa, kuma Kamaru ta kai Birtaniya ƙara kotun duniya da ke Hague kan yadda ta gudanar da riƙon amanar. A watan Disamban 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci kan asalin ƙarar. Iyakar ta zauna. Dangi da dama suka wayi gari wa yana karatu da Ingilishi a Mubi, ƙane yana yi da Faransanci a Garuwa, Hausa da Fulatanci ne suka ci gaba da haɗa su a kasuwa da masallaci.

Daren 15 ga Janairu

Ƙarshen 1965 ya riski Najeriya cikin ruɗani. An yi rigima kan ƙidayar jama'a, an yi rigima kan zaɓen tarayya na 1964, Jihar Yamma kuma tana cin wuta bayan zaɓen Oktoban 1965, inda abokin ƙawancen Sardauna, Samuel Akintola, ya ce shi ya yi nasara. Ranar Juma'a 14 ga Janairu, 1966 Akintola ya zo Kaduna ya gana da Sardauna, wanda bai daɗe da dawowa daga Umara ba. Ana cikin goman ƙarshe na azumin shekarar 1385 ta Hijira.

Kafin asubar Asabar, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda a Kaduna aka haife shi kuma yake jin Hausa kamar jakin Kano, suka kai hari gidan Firimiya da manyan bindigogi, gidan ya kama da wuta. Aka harbe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu da wasu daga cikin masu tsaronsa. A daren aka kashe Akintola a Ibadan, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh a Legas, sai bayan kwanaki aka ga gawarwakinsu. Manyan hafsoshin Arewa, Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam, duk sun rasa rayukansu. Juyin mulkin bai kai gaci ba, mulki ya faɗa hannun Janar Aguiyi Ironsi. A Kaduna aka yi wa Sardauna sutura, aka binne shi ba tare da taron da ya dace da mai irin matsayinsa ba. Kwana kaɗan bayan haka Arewa ta yi ƙaramar salla jiki a sanyaye.

Yadda ake kukan manya a waƙe

Ƙasar Hausa ta riga ta mallaki hanyar da take bi in babban mutum ya faɗi. Sunanta marsiyya, wasu kuma su ce waƙar ta'aziyya. Daga adabin Larabci ta samo asali, kuma gidan su Sardauna ne ya fi kowane gida raya ta a wannan yanki. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa abokansa da suka faɗi a fagen jihadi marsiyyoyi da Larabci. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi rubutu da Fulatanci, Hausa da Larabci, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo da wasu 'yan'uwa da ƙawayenta. Bellon da ta yi wa kuka shi ne kakan mahaifin Sardauna.

Marsiyya tana da tsari sananne. Ana buɗewa da sunan Allah da salati ga Annabi. Mawaƙi ya faɗi yadda labarin ya same shi da yadda barci ya ƙaurace wa idonsa. Sai ya jero halayen mamaci: kyauta, adalci, zumunci, tsayuwa kan addini, da waɗanda ya bari cikin maraici. Daga nan ya juya ya tuna wa kansa da mai sauraro cewa Annabawa ma sun tafi, ya roƙa wa mamacin gafara, ya roƙa wa masu rai haƙuri. A ƙarshe sau da yawa akan sa ramzi, wato haruffan da in aka lissafa su za su ba da shekarar Hijira, don kada tarihi ya ɓace. Baitocin kan zo ƙwar biyu ko ƙwar biyar da amsa-amo ɗaya, abin da ke sa a haddace su da sauƙi, a rera su a zaure ko a bakin kasuwa.

Wannan hanya malamai da marubuta waƙa suka bi bayan kisan Sardauna da Ɓalewa, da Larabci da Hausa, da ajami da boko. Sai dai mutuwar 1966 ta zo wa marsiyya da matsalar da Nana Asma'u ba ta fuskanta ba game da Bello, wanda ya rasu a kan shimfiɗarsa. A nan akwai waɗanda suka harba bindiga, an san sunayensu, suna raye, kuma gwamnatin soja ta tsare su ba ta gurfanar da su gaban shari'a ba. Mawaƙin da ya zo wurin kiran haƙuri dole ya tsallake tambayar da ke bakin kowa: ina hakkin jinin? Ga shi kuma an haramta jam'iyyu, an rufe majalisu, waƙa ta zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage wa mutane su faɗi abin da ke ransu.

Waƙoƙin baka ma sun canja ma'ana ba tare da an canja musu ko kalma ɗaya ba. Waɗanda Ɗanƙwairo da Mamman Shata suka yi wa Sardauna yana raye, na kirari ne da zuga, ana kiran sa Gamji, itacen da ake fakewa a inuwarsa. Bayan 15 ga Janairu duk wanda ya ji su sai ya ji ta'aziyya. Gidan rediyon Kaduna da gwamnatinsa ta gina, wanda ake kamawa a gajeren zango nesa da Najeriya, shi ya riƙa kai waɗannan muryoyi ga Hausawan Garuwa da Maraɗi, da na zangon Kumasi, da na unguwar Briqueterie a Yawunde. Da kaset ya zo a shekarun baya, direbobi da fatake suka ƙarasa aikin.

Makokin da ya koma fansa

Waƙa ta taka rawa ta wani ɓangaren kuma. A watannin da suka biyo baya, mutanen Arewa sun riƙa kokawa da cewa ana yi wa rashinsu dariya. An ga hotuna a kasuwanni masu nuna Nzeogwu a matsayin gwarzon da ya yi galaba kan Sardauna. Wata waƙar mawaƙin Kudu Rex Lawson, mai maganar akuya tana kuka, wadda ba don wannan lamari aka yi ta ba, aka ɗauke ta a matsayin habaici ga mamacin. Da Ironsi ya fitar da doka ta 34 ranar 24 ga Mayu, 1966, wadda ta soke tsarin jihohi, cikin mako guda aka far wa 'yan ƙabilar Ibo a Kano da sauran garuruwa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi, Yakubu Gowon ya hau. A watannin Satumba da Oktoba aka sake kashe dubban mutanen Gabas mazauna Arewa, ɗaruruwan dubbai suka tsere gida.

Waɗanda aka kashe a Sabon Garin Kano da Jos da Zariya ba su ne suka harbi Sardauna ba. 'Yan tireda ne, da makanikai, da ma'aikatan jirgin ƙasa, baƙi masu neman abinci a ƙasar da ba tasu ba, kamar yadda Bahaushe yake a Duwala ko Accra ko Abidjan. Duk wanda ke zaune a zango ya san abin da ake nufi da a kama mutum da laifin wani don kawai yarensu ɗaya. Marsiyya ta gaskiya, irin ta Nana Asma'u, da addu'a take ƙarewa, kuma ba ta aika kowa ya ɗauki makami. Abin da ya faru a 1966 ya nuna inda baƙin ciki ke kai jama'a in aka hana shi shari'a, aka kuma bar masu zuga suka karɓe shi daga hannun masu wa'azi.

Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Nzeogwu ya mutu a makonninsa na farko kusa da Nsukka. An kammala miƙa wuyan Biyafara ranar 15 ga Janairu, 1970, shekara huɗu cif bayan daren Kaduna. A tsawon yaƙin, Ahidjo, wanda ya yi makokin Lardin Sardauna, ya tsaya bayan gwamnatin tarayyar Najeriya, duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara.

Abin da ya rage

Jihar Arewa da Sardauna ya ƙare rayuwarsa yana karewa ba ta daɗe bayansa ba. Ranar 27 ga Mayu, 1967 Gowon ya raba ta jihohi shida. Lardin Sardauna ya shiga Jihar Arewa maso Gabas, yau kuma yana rarrabe tsakanin Borno, Adamawa da Taraba, inda ƙaramar hukumar da ke kan tsaunin Mambila ke ɗauke da sunansa. Gidansa na Kaduna ya zama Arewa House, cibiyar adana tarihi ƙarƙashin jami'ar Zariya. Hotonsa na kan takardar Naira 200. Ko abokan hamayyarsa sun yarda cewa dukiyar da ya bari ba ta taka kara ta karya ba, kuma wannan ne abin da ake yawan ambata duk lokacin da aka gwada shi da shugabannin baya.

Shekara goma bayan rasuwarsa, ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas, mawaƙa suka sake ɗaukar alƙalami da kalangu. Wannan karon an kama waɗanda suka yi, an yi musu shari'ar soja, kuma ba a far wa wata ƙabila a kasuwa ba.

Ahidjo kuwa ya sauka daga mulki a 1982, ya rasu yana gudun hijira a Dakar ranar 30 ga Nuwamba, 1989, a can aka binne shi, nesa da Garuwa. Mutanen biyu da suka ja daga kan Mubi da Mambila a 1961, babu wanda aka rufe a garin haihuwarsa. Duk ranar 15 ga Janairu ana taron tunawa da Sardauna a Kaduna, gidajen rediyo su sako Ɗanƙwairo, masu saurare daga ɓangarorin iyakar biyu su yi masa addu'a, shi da Ɓalewa da sauran waɗanda suka rasu a wannan shekara.